Kufan Ganuwar Rashawa a Tsibirin Kawayi

Masu kallo, wannan tsibin baƙaƙen duwatsu da kuke gani a bakin kogi, wanda jar ƙasa ta rine gindinsa, shi ne abin da ya rage na wata ganuwar yaƙi da aka fara ginawa a shekarar 1816. Muna garin Waimea ne, a yammacin tsibirin Kawayi, ɗaya daga cikin tsibiran Hawayi da ke tsakiyar tekun Fasifik. Shekara da shekaru, matafiyin da ya biyo babbar hanyar gaɓar teku yakan ga allo ɗauke da sunan Ganuwar Rashawa ta Elizabeth, ya tsaya yana mamakin abin da ya kawo mutanen ƙasar ƙanƙara wannan wuri mai zafin rana. Amsar ta fara ne daga wani jirgin ruwa da ya yi hatsari.

A watan Janairun 1815, jirgin Bering, mallakar kamfanin cinikin fatu na Rasha da ke riƙe da Alaska a wancan zamani, ya faɗa gaɓar Waimea saboda iska mai ƙarfi. Sarkin Kawayi, Kaumualii, ya kwashe kayan da ke ciki ya riƙe. Da labari ya isa ga Alexander Baranov, shugaban kamfanin a garin Sitka, sai ya aiko wani likita Bajamushe mai suna Georg Anton Schäffer domin ya karɓo kayan ko kuɗinsu. Aikin da aka ba shi ke nan, amma likitan ya zo da burin da ya fi ƙarfin saƙon.

Sai an san halin da Kaumualii yake ciki kafin a gane abin da ya biyo baya. Sarki Kamehameha ya riga ya haɗe sauran tsibiran ƙarƙashin mulkinsa da ƙarfin yaƙi, kuma sau biyu yana shirya wa Kawayi hari: a 1796 guguwa ta mayar da jiragensa baya, a 1804 kuma annoba ta karya rundunarsa tun ba ta tashi ba. A 1810 Kaumualii ya yi mubaya'a bisa sharaɗin zai ci gaba da sarautar tsibirinsa, amma mubaya'ar ta fatar baki ce, domin zuciyarsa ba ta kwanta da ita ba. Saboda haka da Schäffer ya iso Waimea a 1816 yana magana da yawun babbar daula mai jirage da igwa, sarkin ya ga dama ta samu. Ya yarda zai biya diyyar kayan jirgin, ya sa hannu a takardar shiga ƙarƙashin kariyar Sarkin Rasha Alexander na Ɗaya, sannan suka ƙulla wata yarjejeniya a asirce, wadda a cikinta Kaumualii zai ba da mayaƙa 500, Rashawa su kawo jirage da makamai, a ƙwace Oahu da Maui da Lanai da Molokai daga hannun Kamehameha. Ladan kamfanin shi ne rabin tsibirin Oahu da ikon mallakar cinikin itacen sandal, wanda a lokacin yake tsada ƙwarai a kasuwannin ƙasar Sin.

Matsalar ita ce babu wanda ya ba Schäffer izinin yin ko ɗaya daga cikin waɗannan alkawura. Sarkin Rasha bai san ana yi ba.

Yanzu mu matso kusa da bangon. Ku lura da yadda aka jera duwatsun, waɗanda asalinsu daga dutse mai aman wuta suke, ɗaya bisa ɗaya ba tare da siminti ko laka a tsakaninsu ba, ƙanana sun cike gurbin da manya suka bari. Wannan salon gini na mutanen Hawayi ne, irin wanda suke yi wa wuraren bautarsu na gargajiya tun kafin wani Bature ya taka tsibiran. Abin da ya zo daga Turai shi ne zanen: ganuwar tana da kusurwoyi masu tsini kamar tauraro ta ɓangaren da ke fuskantar teku, domin igwa ta iya harbin jirgin da ya doso daga kowace fuska, kuma kada maharin da ya iso gindin bango ya sami mafaka. Faɗinta ya kai kimanin ƙafa 300. Daga ƙasa siffar tauraron ba ta fitowa sosai, domin duwatsu da yawa sun zube, sai an ɗauki hoto daga sama ake ganinta a fili.

Ɗaruruwan mutanen Kawayi ne, maza da mata, suka yi dakon waɗannan duwatsu bisa umarnin sarkinsu, a filin da dama can mazaunin sarauta ne. Schäffer ya raɗa wa ginin sunan Elizabeth, matar Sarkin Rasha, kamar yadda ya raɗa wa wasu ƙananan sansanoni biyu a Hanalei, arewacin tsibirin, sunayen Alexander da Barclay. Su kuwa masu ƙasar suna kiran wurin Paulaula, wato jan shinge, saboda launin ƙasarsa. A ganina, kiran ginin da sunan Rashawa tsawon shekaru ya yi kama da abin da ake cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Asirin likitan bai daɗe a rufe ba. A ƙarshen 1816 wani hafsan sojan ruwan Rasha, Otto von Kotzebue, ya biyo ta Hawayi a jirginsa Rurik, ya shaida wa Kamehameha cewa Sarkin Rasha ba shi da niyyar mamaye tsibiran. 'Yan kasuwar Amurka, waɗanda ba sa son a raba su da cinikin sandal, suka ƙara zuga wutar. Da Kaumualii ya gane cewa jiragen yaƙin da aka yi masa alkawari ba za su zo ba, sai ya juya baya, kuma a watan Mayun 1817 aka kori Schäffer daga Waimea. Ya yi ƙoƙarin ja da baya zuwa Hanalei, hakan ma bai yiwu ba, ya fice a wani jirgi mai yoyo zuwa Honolulu, daga can ya nufi ƙasar Sin. Ko da ya isa Rasha ya sake gabatar da shirinsa, gwamnati ta yi watsi da shi. Daga baya ya koma Birazil, inda ya yi aikin ɗebo Jamusawa masu ƙaura, kuma a can ya mutu a 1836.

Zaman Rashawa a nan bai cika shekara guda ba bayan fara ginin, amma ganuwar ta yi aiki kusan shekara 50 a hannun mutanen Hawayi, waɗanda su ne suka ƙarasa ta. Yaƙi ɗaya tak da ta gani ma tsakaninsu aka yi shi. A 1821 Kamehameha na Biyu ya gayyaci Kaumualii cikin jirginsa, ya wuce da shi Oahu, inda aka aura masa Kaahumanu, matar marigayi Kamehameha, kuma bai sake mulkin tsibirinsa ba har ya rasu a 1824. A watan Agustan wannan shekara Humehume, ɗan Kaumualii, ya jagoranci hari kan ganuwar da nufin ƙwace makaman da ke ciki, amma dakarun gwamnati suka fatattake su, aka murƙushe tawayen da zubar da jini mai yawa. A 1864 aka kwashe igwogin aka bar wurin ya zama kufai.

Wanda ya kai ziyara a yau zai bi wata 'yar siririyar hanya da ta zagaye bangon, ya shiga ciki ya ga harsashin ɗakin ajiye albarushi da na barikin soja da gurbin sandar tuta, kuma rabin sa'a ta ishe shi. Yammacin Kawayi busasshen yanki ne mai ƙarancin inuwa, don haka zuwa da sassafe ko da la'asar ya fi, tare da ruwan sha da takalmi mai kauri saboda ƙaya. Hawa kan bangon ko ɗauke dutse bai dace ba, domin ginin da ba shi da laka dutse ɗaya aka zare sai na kusa da shi ya biyo, kuma 'yan asalin tsibirin suna girmama wurin. Daga gefen da ke kallon kogi ana hango gaɓar da Kyaftin Cook, matuƙin jirgin ruwa ɗan Ingila, ya sauka a 1778, a can nesa kuma tsibirin Niihau yana kwance a kan ruwa.

Gwamnatin Amurka ta sanya kufan cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1962 da sunansa na Rashawa, sai a 2022 hukumomin jihar Hawayi suka mayar masa da sunan Paulaula, duk da ƙorafin wasu Rashawa mazauna Amurka. Shekara guda kafin nan aka kafa wannan mutum-mutumin tagulla da kyamararmu ta tsaya a kansa, na Sarki Kaumualii, zaune sanye da alkyabbarsa ta gashin tsuntsaye, a filin da aka raba shi da shi shekara 200 kafin kafa shi.