Yadda Ake Saƙa wa Yaro Safar Hannu Mai Kan Jan Gwada

Assalamu alaikum, masu kallo. Duk wadda ta taɓa kwana a ƙauyukan Ringim ko Gumel a ƙarshen watan Disamba ta san yadda jaura take shigowa da asuba, lokacin da iskar hunturu take kaɗowa daga Sahara, ma'aunin zafi ya sauko kusan digiri 13, wata ranar ma ƙasa da haka. Muna sa wa yara rigar sanyi da hula, mu shafe musu ƙafafu da man kaɗanya saboda faso, amma hannu kusan kullum a waje muke barinsa, shi ya sa za ki ga yaro ya cusa hannuwa a hammata yana rawar ɗari. A yau za mu saƙa safar hannu ta ɗan shekara 2 zuwa 3, irin wadda yatsu huɗu suke zama wuri ɗaya, babban yatsa kuma yana da nasa ɗakin, domin yatsun da suke haɗe sun fi ɗumama juna.

Saƙar ba ta da wuya. Abin da yake da wuya shi ne yaro ya yarda ya bar safar a hannunsa. Goggona da ta koya mini saƙa ta taɓa kallon wata safa da na yi kwana uku a kanta tana yashe a gindin turmi, ta ce mini, "Ke 'yar nan, ai ba ki ba shi abin da zai yi wasa da shi ba." Tun daga ranar nake yi wa kowace safa fuska, kuma ta yau fuskar jan gwada ce, ƙadangaren da kowane yaro ya saba gani a kan katanga yana gyaɗa kai.

Ga kayan aiki a kan tabarma. Akwai zaren ulu shuɗi mai duhu na jiki, da ruwan goro na kai, da ɗan guntun baƙi da fari na idanu. Ƙullin zare mai nauyin giram 50 ya isa ƙafa biyu na safa har ya yi saura. Akwai tsinken saƙa biyu masu kaurin milimita 4, da babbar allura marar tsini, da tef ɗin awo irin na tela. Ana samun zaren a wurin masu kayan koli a manyan kasuwanni, mai son saye da yawa kuma ta aika Kantin Kwari ko Sabon Gari a Kano. Kafin ki saya, ki goga zaren a wuyanki, domin abin da ya yi miki kaushi a nan zai fi yi wa yaro.

Ki ɗora hannun yaron a kan kwali ki zana, sannan ki auna kewayen tafin, wanda a wannan shekarun yakan kai santimita 13 zuwa 14. Kowane zagayen zare da yake kan tsinke za mu riƙa kiransa ido. Ki ɗora ido 28, ki fara da wuyan safa: ido biyu saƙar fuska (wadda ake yi zare yana bayan tsinke), ido biyu saƙar baya (zare yana gaban tsinke), haka har tsawon santimita 5. Wannan saƙa tana buɗewa tana tsukewa kamar roba, ita ce take kama wuyan hannu ta hana iska shiga, don haka kada ki gajarta ta don sauri. Daga nan sai layi ɗaya saƙar fuska, layi ɗaya saƙar baya, har layi huɗu.

Yanzu mun zo wurin babban yatsa, inda masu koyo suka fi rikicewa, don haka ku duba hannuna da kyau. A daidai tsakiyar layi, bayan ido 14, sai ki ƙara ido biyu. Layi na gaba ki wuce ba ƙari. A na gabansa ki sake ƙara biyu, ɗaya a kowane gefen waɗanda kika ƙara, ta yadda sababbin idanun za su riƙa buɗewa kamar bakin mazurari. Idan sun kai 10, ki zura musu wani zare dabam ki ɗaure, ki bar su suna jira, ki ci gaba da ido 28 na asali. Amfanin sa yatsa a tsakiya shi ne, idan aka ninke saƙar biyu babu ta dama babu ta hagu, don haka duka biyun iri ɗaya za ki saƙa su, sai wurin yin fuska ne za su bambanta.

Idan saƙa ta kai tsakiyar yatsu a zanen kwali, ki yanke shuɗi ki ƙulla ruwan goro, kai ya fara ke nan. Da ta rufe ƙaramin yatsa sai ki fara ragewa, kina haɗa ido biyu su zama ɗaya a wuri huɗu, layi ɗaya ragi, layi ɗaya hutu, har saura ido 8. Ki zura zare a cikinsu ki ja ya tsuke. Ki koma kan ido goman da suke jira, ki saƙa santimita 3, ki tsuke, sannan ki ɗinke gefe.

Idanun jan gwadan kuwa da allura da zare za ki yi su, farin da'ira da ɗigon baƙi a tsakiya, a bayan hannu. Ina roƙonku kada ku ɗinka maɓalli ko dutsen ado. Na taɓa sa wa ɗan ƙanwata maɓallai biyu a matsayin idanu saboda sun fi ƙyalli, kafin la'asar na tarar da ɗaya a bakinsa ya tsinke zaren da haƙori, kuma har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi. Bayan kin gama, ki juya safar ciki waje ki soke duk wani zare da yake reto a cikin saƙa, domin siririn zare yana iya naɗe yatsan yaro ya tsare jini, jariri kuma ba zai iya faɗa miki inda yake masa ciwo ba. Haka nan kada a haɗa safa biyu da doguwar igiya ta bayan wuya, don tana iya shaƙe shi. Idan ta jariri ce, ba a yi mata babban yatsa sam.

Saura magana ɗaya da ta shafe mu mutanen karkara fiye da kowa. Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa ba gashin tunkiya ba ne, zaren akirilik ne, dangin roba, wanda idan wuta ta taɓa shi yake narkewa ya manne a fata. A hunturu kuwa yaranmu a bakin murhu suke wayar gari, suna miƙa hannu ga karan da aka hura. Ki ƙona ɗan guntun zaren a gaban yayyen yaron su ga yadda yake dunƙulewa ya yi baƙi, kuma ya zama doka a gidan cewa ana cire safa kafin a matso jin ɗumi.

Wanki da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu ne, a matse a hankali, a shimfiɗa a inuwa, domin rataya tana sa ta saki. Yanzu ku dubi allo: na zura hannuna, na lanƙwasa yatsu ƙasa na ɗago, ga jan gwada yana gyaɗa kai. Ki nuna wa yaron haka sau ɗaya kafin ki sa masa. Idan zakara ya fi so, ki yi jikin fari, ki ɗinka jan zanko a sama, adadin ido da awo duk ba su canza ba.