Jawabin Maraba ga Babbar Baƙuwarmu, Malamar 'Yan Matan Afghanistan

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da iyalan gidansa da sahabbansa.

Mai girma shugaban taro, iyayenmu sarakuna, malamanmu na addini, shugabannin makarantu, 'yan uwana malamai mata, da 'ya'yanmu ɗalibai da suka cika bayan zauren nan, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Babbar baƙuwa, ranki ya daɗe, barka da zuwa Sakkwato, birnin Shehu. Sannu da hanya, sannu kuma da zafinmu, don mun san ƙasarku ta duwatsu ce da ƙanƙara. A madadin malamai mata na wannan gari nake miki lale marhabin. Zan riƙa magana a hankali domin tafinta ya samu sararin isar miki da saƙo.

Jama'a, wannan baiwar Allah malamar lissafi ce a wata sakandaren 'yan mata a birnin Herat, har ranar da aka rufe mata aji. Yau tana zaune a wata ƙasa, ɗalibanta kuwa suna gidajen iyayensu, ta waya take koyar da su, ita da sauran malaman da take shugabanta. Ta roƙe mu kada a ambaci sunan makarantar, kada kuma a watsa hotonta, saboda 'yan uwanta da ɗalibanta da ke can. 'Yan jarida, don Allah a kiyaye wannan amana.

Yaranmu da ke nan ya kamata su ji yadda abin ya faru. Ranar 15 ga Agusta, 2021, Taliban suka shiga Kabul. Da watan Satumba ya zo aka buɗe sakandare, aka kira maza, aka yi shiru a kan mata. Tun daga lokacin, yarinya in ta gama aji shida na firamare, karatunta ya tsaya ke nan. An yi alkawarin buɗe musu makarantu ranar 23 ga Maris, 2022. Yara suka yi sammako da kayan makaranta da jakunkuna, wasu har sun zauna a aji, kafin azahar aka ce su koma gida. Duk malamar da ta taɓa tsayawa gaban allo ta san abin da wannan yake nufi, ki dubi idon yaran da suka zo da murna ki ce musu su tattara littattafansu. A Disambar 2022 aka hana mata shiga jami'a. A Disambar 2024 aka rufe 'yar ƙofar da ta rage, wato makarantun koyon aikin jinya da ungozoma. Hukumomin UNICEF da UNESCO sun ce a 2025 'yan matan da dokar ta tsayar sun kai miliyan 2.2, kuma a duk duniya babu wata ƙasa mai irin wannan doka sai Afghanistan.

A cikin wannan hali ne ku da ire-irenku kuka ƙi naɗe hannu. Makarantar kwana ta SOLA, wadda Shabana Basij-Rasikh ta kafa a Kabul, sai da ta ƙone takardun ɗalibanta don kada su faɗa hannun da ba shi ba, ta kwashe yaran zuwa Ruwanda, daga baya ta fara aika darussa ta WhatsApp ga waɗanda aka bari a gida. Gidan rediyon Begum ya riƙa watsa darussan sakandare, BBC kuma ta fito da shirin Dars a 2023 cikin harsunan Dari da Pashto. Ban da waɗannan da duniya ta sani, akwai ƙananan makarantu irin taki, waɗanda ba su da gini, ba su da allon suna, sai lambar waya da amana.

Abin da kika ba mu labari jiya bayan isha ya tsaya mana a rai. Gida guda waya guda, ita ma ta maigida ce, sai ya dawo daga kasuwa yarinya ta samu ta saurari darasi. Don haka kuke naɗar karatu da murya a taƙaice, yadda ba zai cinye data ba, yarinya ta sauke ta ji lokacin da ta samu dama. Ta yi aikin gida a takarda, ta ɗauki hotonsa ta turo. In an haɗu kai tsaye, kyamara a kashe take, sunan da ke kan allon wayar ma na aro ne. Kika ce akwai ɗalibar da kika koyar tun daga lissafin aji bakwai har ta kai na ƙarshe, ba ki taɓa ganin fuskarta ba, da rubutun hannunta kike gane ta. Mu da muke ƙorafin yara sun yi mana yawa a aji, jiya kam mun yi shiru.

Amma ranki ya daɗe, karramawa ba za ta sa mu yaudari kanmu ba, ke ma ba ki yarda a yaudare ki ba. Karatun waya bai maye gurbin makaranta. Bahaushe ya ce da babu gara ba daɗi, to matsayinsa ke nan. Yarinyar ƙauyen da ba sabis, ko gidan da abincin dare ma sai an yi dabara, wannan karatu bai isa gare ta. Wadda ya isa gare ta kuma, ta gama ta riƙe shaidar da hukumar ƙasarta ba ta amince da ita ba, ga shi an hana mata jarrabawar Kankor ta shiga jami'a. Ba a koyon karɓar haihuwa ta waya, sai an sa hannu. Ƙasar da likita namiji ba ya duba mace a wurare da yawa, in aka daina yaye ungozoma, wa zai tsaya a kan mai naƙuda nan da shekara goma? Sannan duk wannan aiki a kan igiya ɗaya yake rataye, igiyar kuma tana hannun wanda ya rufe makarantar. A Satumbar 2025 aka fara yanke layin intanet a lardin Balkh da wasu larduna da sunan hana baɗala, ranar 29 ga watan aka kashe na ƙasar baki ɗaya har kusan kwana biyu. Duk wani aji na waya ya mutu murus a lokaci guda. Saboda haka duk wanda zai yaba muku, kada ya ce an warware matsala. Buƙata tana nan inda take, a buɗe wa yaran nan ƙofar makaranta.

Da sunan addini aka yi wannan hani, don haka mu Musulmi ne ya fi cancanta mu yi magana. Shehin Azhar, Ahmad al-Tayyib, ya fito ƙarara a Disambar 2022 ya ce hana mata ilimi ya saɓa wa shari'a. Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta OIC ta nemi a janye dokar. A Janairun 2025 malamai da shugabanni suka taru a Islamabad kan ilimin 'ya'ya mata, an gayyaci mahukuntan Kabul ba su je ba. 'Yar ƙasarmu Amina Mohammed, mataimakiyar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, ta taka har Kabul da Kandahar a Janairun 2023 kan wannan magana.

Mu kuwa a garin nan ba sai mun je nesa neman hujja ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da alƙalaminsa ya soki malaman da ke koyar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ta fuskanci tambayar da ke gabanki yau: yaya ilimi zai isa ga macen da ba za ta iya zuwa wurin malami ba? Sai ta kafa 'Yan Taru. Ta zaɓi dattawan mata amintattu, ta naɗa su jajoji, su zo daga ƙauyuka su haddace karatu a wurinta cikin waƙa, su koma su koyar da matan aure a cikin gidajensu. Waƙa ta zaɓa don ta fi sauƙin riƙewa ga wadda ba ta da littafi, ke kuma kin zaɓi gajeren saƙon murya don wadda ba ta da data. Bambancin da ke akwai shi ne hukumar zamaninta ce ta goya mata baya, ke kuwa a ɓoye kike yi.

Ba za mu ɓoye miki namu ciwon ba. Babu dokar da ta hana 'ya'yanmu mata karatu, wannan ni'ima ce, kuma ba ma haɗa halinmu da naku. Sai dai abin da doka ba ta yi ba, tsoro da talauci suna yi. An kwashe ɗalibai 276 a Chibok a 2014, aka kwashe 279 a Jangebe, nan maƙwabciyarmu Zamfara, a 2021, kuma bayan kowane hari akwai iyayen da ke rantsuwa 'yarsu ta bar makarantar kwana har abada. Akwai waɗanda ke sansanonin gudun hijira, akwai waɗanda talla ta cinye, akwai waɗanda aka aurar suna tsakiyar sakandare kuma har yau ransu na son karatun.

Don haka roƙonmu gare ki shi ne, a kwanakin da za ki yi tare da mu, ki zauna da malamanmu ki nuna musu yadda ake tsara darasi ya shiga ƙaramar waya, da yadda ake bin diddigin ɗalibar da ba a gani. Mu kuma abin da ke hannunmu shi ne lokacinmu. Wasu daga cikin malamanmu na Turanci da Larabci da kimiyya sun rubuta sunayensu za su koyar da ɗalibanki kyauta. Afghanistan ta riga mu da awa uku da rabi, saboda haka wadda ta tashi daga aiki da azahar za ta same su da yamma. An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Tsarabarmu ba ta da tsada. Malfa ce da jan rawani, irin waɗanda Nana Asma'u take ɗora wa jaji ranar naɗi, alamar an yarda da ita ta kai karatu gidaje. Uwarmu, mafi tsufa a cikin malaman da suka yi ritaya, ita za ta ɗora miki bayan kin yi jawabi. Gobe da safe in Allah ya kai mu za mu raka ki Hubbare ki yi ziyara, da hantsi kuma a fara zama da malamai a wannan zaure.

Allah ya saka miki da alheri, ya tsare ɗalibanki da iyayensu, ya mayar da ke masaukinki lafiya. Ɗalibai, a miƙe tsaye a gaida Malama. Ranki ya daɗe, bismillah, ga abin magana.