Dakalin Hanyar Keke: Kariya Ce Ko Tarko?

Sani: To jama'a, saƙonnin da suka fi yawa a makon nan duk kan hanyoyin kekunan Landan ne, waɗanda aka raba da motoci da dakalin kankare. Wasu na cewa a kawo mana irinsu, wasu na cewa asarar kuɗi ce. Injiniya, bismillah, amma don Allah ka bar mu mu ma mu sa baki yau.

Injiniya: In sha Allahu. Mu fara da faɗi, don nan ake fara ɓata aikin. Kundin da gwamnatin Birtaniya ta fitar a Yulin 2020, LTN 1/20, ya ce hanyar keke mai hannu ɗaya ta kai mita 2, in wuri ya yi ƙunci sosai kada ta gaza mita 1.5. Mai hannu biyu kuma mita 3. To amma ga abin da ake mantawa: dakali yana cin faɗi. Kundin ya ce duk dakalin da ya wuce santimita 6 har zuwa 15, sai an ƙara santimita 20 a gefensa.

Malama Rabi: Saboda feda.

Injiniya: Saboda feda, Malama. Dakalin titi na yau da kullum a Ingila yakan kai santimita 10 zuwa 12 da rabi. Feda in ta sauko ƙasa tana iya dukansa, kuma tana duka mutum ya tafi ƙasa. Don haka kowa ke ja da baya daga gefe. Ki ɗauki hanya mai mita 1.5, dakali hagu da dama, ki cire ashirin nan ashirin can, saura mita 1.1. Keken dakon kaya ko keken guragu mai ƙafa uku, wanda kundin ya yi lissafi da shi, faɗinsa mita 1.2 ne. Kin ga ai lissafi ya ƙi.

Sani: Balle a ce mutum zai wuce na gabansa.

Injiniya: Ina! Sai dai ku jera. Tsoho na tuƙi a hankali, mai kai abinci a keken lantarki na bayansa yana ƙararrawa. A titin da fenti kawai aka shafa, sai ya leƙa ya kauce ya wuce. Nan kuwa babu mafita. Shi ya sa masu sauri ke komawa cikin motoci, direbobi kuma su yi ta fushi wai an gina musu hanya sun ƙi bi.

Malama Rabi: Amma Holan ai ba haka suke yi ba. Dakalin da ke tsakanin hanyar keke da ta masu tafiya a ƙafa, gajere suke yinsa, a kwance kamar gangara. Taya in ta goge shi sai ta hau ta sauko.

Injiniya: Haka ne. Sai dai ba za a shafe shi gaba ɗaya ba, don makaho da sandarsa yake gane inda hanyarsa ta ƙare. Shi ya sa Birtaniya ta ce a bar aƙalla santimita 5.

Sani: Ni tambayata ɗaya ce. A ce an gina irin wannan a titin Zoo Road, kwana nawa za a yi kafin mai shayi ya kafa tebur?

Malama Rabi: Kwana? Kafin siminti ya bushe.

Sani: Ga fili shimfiɗaɗɗe, ga dakali an yi masa na zaman kwastoma, mota ba ta isa ta taɓa shi ba. Ai gwamnati ta gama masa komai.

Malama Rabi: Mai faci zai zauna a bakin shiga, ya ce ai shi sana'arsa ta keke ce, yana da haƙƙi.

Sani: Kuma ya fi kowa gaskiya! Sai mai gasa masara a tsakiya, mai wankin babur a ƙarshe, tunda ruwa dama nan yake taruwa.

Injiniya: Ku tsaya, batun ruwan nan ba wasa ba ne...

Sani: Mita 1.5 ka ce? Tebur da benci ɗaya. In mita 3 ce, har da janareta da kallon ƙwallo.

Malama Rabi: A cire santimita 20 saboda ƙafafun masu shan shayi.

Injiniya: To kun gama? Ruwan da Sani ya ambata, matsala ce ta gaske ko a Landan. Titi ana gina shi da ɗan tudu a tsakiya don ruwa ya gangara gefe ya shiga magudana. Ka zo ka kafa sabon dakali a tsakani, ka tare ruwan ke nan. Dole ɗayan biyu: ko ka haƙa sababbin magudanai a jikin sabon dakalin, wanda shi ke cin kuɗi, ko ka riƙa barin giɓi a jikinsa. In ka bar giɓi, ruwan titin duka da yashinsa da fasassun kwalabe hanyar keke za su bi. Babbar motar shara kuma ba ta shiga, sai an sayi ƙarama ta musamman. In ba a sa kuɗinta a kasafi ba, tayoyin mutane ne za su biya. Murfin magudana ma, in ramukansa suka yi tsaye daidai da tafiyar keke, siririyar taya faɗawa take.

Malama Rabi: Duk da haka Injiniya, kada masu saurare su ɗauka fenti ya fi. Uwa ba za ta saki ɗanta a titin da farin layi ne kawai tsakaninsa da bas ba. Dakalin nan shi ke fito da mata da yara da tsofaffi kan keke. Birnin Sabiya na Sifaniya da ya shimfiɗa irin waɗannan hanyoyi daga 2006, masu hawa keke ninkuwa suka yi.

Injiniya: Ban musa ba. Abin da nake cewa, dakali yana tsare ka a miƙaƙƙen titi, alhali mafi yawan haɗurran masu keke a birane a mararraba suke faruwa. Kuma a nan ɗin dakalin yake ƙarewa. A Ingila hannun hagu ake bi, mai keke yana hagun tifa, tifa za ta karya kwana hagu, direba bai gan shi ba. A ƙasar da ake bin dama, kamar tamu, kwanar dama ce. Mai keken ya taho hankali kwance yana jin an kare shi, direban kuma ya manta da shi tunda ba layi ɗaya suke ba.

Sani: To mene ne maganin?

Injiniya: Na Holan. Kafin mararraba sai a janye hanyar keken daga bakin titi kamar mita 5, tsawon mota guda, a sa ɗan tsibirin kankare a kusurwa. Tsibirin yana tilasta wa direba rage gudu, kuma lokacin da zai haɗu da mai keke ya riga ya juya, ta gilashin gaba yake ganinsa, ba ta madubi ba. A manyan mararraba kuma a ba keke tasa danjar daban. Manchesta ta buɗe irin wannan a unguwar Hulme a 2020. Amma wuri yake ci, yana kuma ƙara wa kowa jira a danja, shi ya sa ake gina miƙaƙƙen a bar kwanar.

Malama Rabi: Hanyar keke mai hannu biyu ta fi muni a nan. Direban da zai fito daga lungu ɓangaren da motoci ke tahowa kawai yake kallo, ga keke ta ɗaya ɓangaren.

Injiniya: Shi ya sa ta Embankment a Landan, da aka buɗe a 2016, take aiki. Gefen kogin Thames aka ɗora ta, inda kusan babu lungun da zai ratsa ta. Ka kwafi wannan ka kai titin da kowace mita hamsin akwai kwana, ka haɗa rigima.

Sani: Injiniya, saura minti ɗaya, kuma mun yi alkawarin batun wurin tsayawar bas.

Injiniya: Kai! Shi ne fa babban. A taƙaice, bas ba ta iya zuwa bakin hanya, sai a yi wa fasinja tsibiri mai faɗin aƙalla mita 2.5, keke ya bi ta bayansa. Fasinja sai ya tsallaka hanyar keke, makaho kuma ba ya jin tahowar keke, ƙungiyoyin makafi na Birtaniya sun daɗe suna...

Sani: Mako mai zuwa, Injiniya. Malama, ki ajiye mana benci wajen mai shayi.

Malama Rabi: An riga an kama. Sai an jima, jama'a.