Kyautar Ƙoda da Kunyar Dangi

(An rubuto daga faifan laccar da wani likitan ƙoda ya gabatar a Yamai, gaban ɗaliban likitanci da wasu malaman addini.)

Assalamu alaikum. Iyayenmu malamai, abokan aiki, da ku ɗalibai, an roƙe ni in yi magana kan dashen sassan jiki, ni kuwa zan tsaya kan ƙoda, domin ita ce muke gani kullum. Hawan jini, da ciwon sukari, da shan magungunan kashe zafi ba da ƙa'ida ba, suna kashe ƙodar mutanenmu, kuma yawancinsu ba sa zuwa asibiti sai ƙafa ta kumbura, fitsari ya ɗauke. Wanda ya kai wannan matsayi hanya biyu gare shi: ko wankin jini da na'ura, wanda muke kira diyaliz, sau uku a mako, kowane zama kamar awa huɗu, ko kuma a dasa masa ƙodar wani. Mutumin da ya baro Tawa ya tare a Yamai saboda na'ura, ya bar gonarsa da iyalinsa, ba sai an gaya masa wadda ta fi ba.

Aikin dashe ba sabo ba ne. A 1954 ne Joseph Murray ya yi dashen ƙoda na farko da ya yi nasara a Boston ta Amurka, tsakanin tagwaye masu kama ɗaya. A Kano, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara a 2002, Senegal kuma ta yi nata na farko a 2023.

Ta fuskar shari'a ma malamai sun daɗe da magana. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta halatta bayarwa a Makka a 1985, sannan Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar sashe daga mai rai ko mamaci bisa sharuɗɗa, ta kuma haramta sayarwa. Hujjarsu tana cikin aya ta 32 ta Suratul Ma'ida, cewa wanda ya rayar da rai ɗaya kamar ya rayar da mutane ne baki ɗaya, da ƙa'idar nan ta larura tana halatta abin da aka hana. Akwai waɗanda suka saɓa, kamar Shehu Sha'arawi na Masar, wanda ya tafi a kan cewa jiki mallakar Allah ne, mutum ba ya kyauta da abin da ba nasa ba, kuma wannan muhawara tana cikin abin da ya sa Masar ba ta samu cikakkiyar dokar dashe ba sai a 2010. Inda ma suka fi rarrabuwa shi ne mutuwar ƙwaƙwalwa, wato ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya alhali na'ura na riƙe da numfashi: zaman majalisar Ƙasashen Musulmi a Amman na 1986 ya ɗauke ta mutuwa, zaman majalisar Rabiɗa a Makka na 1987 ya yarda a cire na'urar numfashin amma ya ce ba a hukunta mutuwa sai zuciya ta tsaya. Ba zan daɗe a nan ba, domin ɗauka daga mamaci yana buƙatar ɗakunan kulawa ta musamman da tsarin da har yanzu muke nema. Ƙodar da majinyacinmu zai samu yau daga jikin mai rai take fitowa, kuma kusan kullum daga cikin gida.

Duk waɗannan fatawoyi sun rataya halaccin a kan yardar mai bayarwa, kuma a nan ne nake so mu zauna. Mu mutane ne masu kunya da kara. Idan babban wa ya kwanta, aka tara dangi a zaure, baffa ya ce wa zai taimaki ɗan'uwansa, idanu ba sa sauka kan mai shago a kasuwa ko ma'aikacin gwamnati, domin za a ce su ne ke ɗauke da gida. Suna sauka kan ƙanen da ba ya da aiki, ko ƙanwar da aurenta ya mutu ta dawo gida, ko matar majinyacin, wadda in ta yi shiru za a ce ba ta ƙaunar mijinta. A ƙasashe da yawa an lura mata sun fi bayarwa, maza sun fi karɓa, kuma ban ga dalilin da zai sa mu zama daban ba.

Wata rana aka kawo mani wata yarinya in yi mata gwaje-gwaje kafin su fita waje. A gaban mahaifiyarta da yayyenta ta ce ta yarda, har sau uku, kanta a sunkuye. Da na nemi kowa ya fita, na bar ta da ma'aikaciyar jinya, na ce mata, ƙanwata, nan ba mai jin ki sai mu da Allah, sai ta fashe da kuka, ta ce wanda yake jinyar shi ya biya mata makaranta, da wane baki za ta ƙi? Ba wanda ya gaya mata cewa za a iya samun matsala a tiyata, ko cewa mace mai ƙoda ɗaya tana buƙatar ƙarin kulawa idan ta samu ciki. Na koma na gaya wa dangi cewa ba ta cika sharuɗɗan bayarwa ba, ban ƙara ko kalma ba. Malamai, ku duba mani, amma ni ban ɗauki wannan ƙarya ba, tunda yarda tana cikin sharuɗɗan, kuma sirrinta amana ce a wuyana. Ɗalibai, ku riƙe wannan: mai bayarwa shi ma majinyacinku ne, shi kaɗai ne ake yankawa ba don lafiyarsa ba, saboda haka a gana da shi shi kaɗai, da harshensa, kuma wanda zai gana da shi kada ya zama likitan mai karɓa.

Sai batun kuɗi. Sanarwar Istanbul ta 2008 da ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2010 sun hana cinikin sassan jiki, kuma Iran ce ta fita daban, inda tun 1988 ake biyan mai bayarwa a ƙarƙashin tsarin hukuma, mafi yawan masu zuwa kuwa mabuƙata ne. Kun ji shari'ar Ike Ekweremadu, tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawan Najeriya, wanda kotu a Landan ta ɗaure shekara tara da wata takwas a 2023, bayan an kai wani matashi ɗan tireda daga Legas da sunan ɗan'uwa ne, domin a ɗauki ƙodarsa. Abin da ya tsayar da aikin shi ne likitan da ya yi wa yaron tambayoyi ya ga bai fahimci abin da za a yi masa ba. Wahalar a wurinmu ita ce ba wanda zai ce sayarwa ce. Za a ce tukuici ne, ko alheri, ko kujerar Makka, ko babur. A ganina, a biya masa kuɗin mota da na asibiti da ranakun aikin da ya rasa, wannan adalci ne, amma alkawarin fili ko jari kafin tiyata farashi ne, ko da wane suna aka kira shi.

Kuma kada likita ya karɓi ƙodar mutum bai tambayi makomarta ba. Wanda aka dasa wa zai sha magungunan hana jiki ƙin ta, irin su takrolimus, har ƙarshen rayuwarsa, tare da gwajin jini a kai a kai. Na ga iyalin da suka sayar da gona da shanu suka yi aikin a waje, suka dawo hannu wofi, maganin ya yanke na ƴan makonni, ƙodar ta mutu, majinyacin ya koma kan na'ura, ƙanensa kuma yana yawo da ƙoda ɗaya. Shi ya sa nake sa dangi su zauna su lissafa kuɗin magani na shekara, da sefa, su faɗi wanda zai biya, tun kafin a ɗebi jinin kowa domin gwaji. Yanzu sai in saurari malamai, musamman kan batun tukuici, domin na ga Malam yana ta rubutu tun ɗazu.