Bindiga ɗaya, doka hamsin: yadda za a koyar da tarayya a Amurka

Jama'a assalamu alaikum, daga Teksas nake gaishe ku. Yau haushi ne ya sa na kunna kyamara. Darasin tsarin tarayya nake gani ana lalatawa a azuzuwa, malami ya shigo ya ce wa yara, "Ya kamata a hana bindiga ko kuwa?" Shi ke nan, aji ya rabu biyu, a yi ta tayar da jijiyar wuya har a buga ƙararrawa. Tambayar da ta dace ita ce: wa ke da ikon yin dokar, gwamnatin tarayya a Washinton ko jiha?

Fara da kwatanci. A nan Teksas tun 2021 mutum na ɗaukar ƙaramar bindiga ba lasisi, wanda ma yake son lasisin dala 40 ne. A birnin New York kuɗin takardar nema kaɗai dala 340, ban da na ɗaukar zanen yatsu. Ƙasa ɗaya fa! Rubuta wannan a allo, ka bar yara su yi mamaki.

Sai ka ba su sassa huɗu na kundin tsarin mulki a takarda guda: gyara na 2 na 1791 kan 'yancin riƙe makami, gyara na 10 da ya bar wa jihohi da jama'a duk ikon da ba a bai wa tarayya ba, sashen da ya bai wa majalisar tarayya ikon kasuwanci tsakanin jihohi, da sashe na 6 da ya fifita dokar tarayya. Raba aji uku: lauyoyin jiha, lauyoyin tarayya, alƙalai tara. Kada ka faɗi hukunci sai sun yanke nasu.

Shari'ar Lopez ta 1995 ita ce zuciyar darasin. Wani ɗalibi ya shiga makaranta da bindiga a birnin San Antonio na nan Teksas, aka gurfanar da shi da dokar tarayya ta 1990. Kotun Ƙoli, biyar da huɗu, ta ce riƙe bindiga a makaranta ba kasuwanci ba ne, majalisa ta wuce gona da iri. A nan yara ke ɓata, suna zaton kotu ta halatta bindiga a makaranta. Ina! Teksas na da tata dokar da ta haramta. Daga baya ma majalisa ta gyara dokar, ta ɗaura ta a kan bindigar da ta ƙetare iyakar jiha.

Sai shari'ar Printz, 1997. Dokar Brady ta 1993 ta umarci shugabannin 'yan sandan gundumomi su binciki mai sayen bindiga, kotu ta ce tarayya ba ta aiken jami'in jiha kamar yaronta. Tun 1998 hukumar bincike ta tarayya, FBI, ke gudanar da tsarin binciken. Daga nan ka juya akalar: shari'ar Heller ta 2008, da ta tabbatar da 'yancin mutum na riƙe bindiga, ta shafi birnin Washinton ne, wanda ba jiha ba ne, sai McDonald ta 2010 ta ɗora 'yancin a kan jihohi ta gyara na 14, Bruen ta 2022 kuma ta soke sharaɗin New York na sai ka kawo dalili na musamman kafin a ba ka lasisin yawo da bindiga. Wato wannan karon jihar ce aka taka wa birki.

Wallahi abin na tuna min gida. Mu a Najeriya makamai suna jerin ikon tarayya kaɗai, rundunar 'yan sanda ɗaya ce, shi ya sa maganar 'yan sandan jiha ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Yaranmu da ke nan sun fi saurin gane darasin, don sun saba jin muhawarar a bakin iyaye.

'Yan'uwa masu bizar karatu ko ziyara, ku ji ni: dokar tarayya ta hana ku riƙe bindiga, sai a 'yan yanayi kamar lasisin farauta, ko da jiharku ta sassauta. Mai takardar zama kuma, lasisin Teksas ba ya aiki a New York. Dokar tarayya ta 1986 kan ratsa wata jiha da bindiga a hanyar tafiya ce kawai ta rufa maka asiri, shi ma sai bindigar ba harsashi a ciki, a kulle a but ɗin mota.