Cutar Mantuwar Da Ke Farawa Daga Harshe

Assalamu alaikum. Jama'a, na gode da kuka zo. Akwai wani nau'in cutar mantuwa da yake fara kama harshe tun kafin ya taɓa tunani. Mutum ya san 'ya'yansa, ya san hanyar gida, amma kalmomi suna zille masa. Likita Marsel Mesulam ne ya bayyana ta a Amurka a 1982, ana kiranta PPA a taƙaice, wato lalacewar magana mai ƙaruwa sannu a hankali, kuma a 2011 masana suka kasa ta gida uku.

Na farko, ka ce masa "miƙo mini almakashi", sai ya dube ka ya ce, "Mene ne almakashi?" Magana tana zuba daga bakinsa, amma ma'ana ta tsiyaye. Hoton MRI yakan nuna gaban ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke daura da kunnen hagu ya ƙanƙance, kuma galibi furotin TDP-43 ne ya taru a wurin. Sai a 2006 aka gano hannunsa a wannan ɓarna.

Na biyu ya san abin da yake son faɗa sarai, baki ne ya ƙi. Kalma da ƙyar, jimla a gutsure. Yawanci furotin tau ne.

Na uku shi ya fi damuna. Yana cikin magana sai ya tsaya cak yana laluben kalma. Ka faɗi doguwar jimla ka ce ya maimaita, sai ta watse masa a tsakiya. Mafi yawansu cutar Alzheimer ce, wato cutar mantuwar da aka fi sani, ta zo ta ƙofar harshe.

To, ku lura da kyau: alamar tana nuna inda ɓarna take, ba ta tabbatar da mai ɓarnar. Shi ya sa ake duba amiloid, furotin da ke taruwa a ƙwaƙwalwar mai Alzheimer, da hoton ƙwaƙwalwa na PET, ko a ɗebi ruwan laka, yanzu har da gwajin jini na p-tau217. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin magani irin lecanemab, da Amurka ta amince da shi a 2023, amiloid kaɗai yake kwashewa. Ka ba mai TDP-43, ka jawo masa haɗarin kumburin ƙwaƙwalwa a banza.

Kuma ko an ga amiloid, kada a yi gaggawa. Tsofaffi da yawa suna ɗauke da shi lafiya lau. Idan mai tambayar "mene ne almakashi" ya haura 75, tilas likita ya auna ko amiloid ɗin ne mai laifi, ko kuwa ɗan rakiya ne.