Baƙar jaket ɗin fata da kuka gani a bidiyon nan, daga ina ta samo asali?

Jama'a barkanmu da war haka. Yau kwana uku kenan ana ta turo min ɗan bidiyon nan, a WhatsApp, a TikTok, har wani yayana da ba ya turo min komai sai gaisuwar Juma'a ya turo, wai in duba mishi su waye waɗannan mutanen. To ga shi nan a gabanku. Maza ne cike da titi sanye da baƙaƙen kayan fata, hula mai baki irin ta soja, wasu da sarƙa a wuya, kiɗa na tashi. Na ji masu cewa 'yan ƙungiyar asiri ne, na ji masu cewa magoya bayan Hitila ne, wata baiwar Allah ma rantsuwa ta yi wai tsafi ake yi da rana tsaka. Duk babu ko ɗaya. Titin Folsom ne a birnin San Faransisko na Amurka, taro ne na masu shigar fata da masu abin da ake kira BDSM, ana yin sa duk watan Satumba tun 1984.

Ni ban zo in sa kowa ya so abin ko ya ƙi shi ba, kowa ya san inda addininsa da tarbiyyarsa suka ajiye shi. Abin da ke damuna shi ne mu riƙa yaɗa magana a kan mutane ba yadda take ba, in za ka ƙi abu ma ai gara ka san me kake ƙi.

Bari mu gama da kalmomin da sauri don ba nan gizo ke saƙa ba. Haruffan nan huɗu, BDSM, taƙaitawa ce ta wasu wasanni da manya ke yi tsakaninsu bisa yarda: ɗaurewa, horo, wani ya riƙe iko wani ya miƙa wuya, da kuma jin daɗin sa zafi ko karɓarsa. Taƙaitawar kanta sabuwa ce, a intanet ta ɓulla farkon shekarun 1990. Sunayen biyu na ƙarshe kuwa, sadism da masochism a Turance, wato jin daɗin sa zafi da na karɓarsa, wani likitan ƙwaƙwalwa ne mai suna Krafft-Ebing, wanda littafinsa ya fara fitowa a 1886, ya yaɗa su, ya ɗauko su daga sunayen marubuta biyu, ɗaya Bafaranshe ɗaya ɗan Ostiriya. Kuma masu yin wannan akwai ma'aurata mata da miji, akwai kowane iri. Shi kenan, mun wuce.

Yanzu ga inda kusan kowa ke kuskurewa: fatar. Mutane na ɗauka an ƙirƙiro kayan ne musamman don waccan harkar ta ɗaki. Alhali kayan hawa babur ne, tsantsa.

Ku tsaya a kan wannan hoton. Jaket ce ta kamfanin Schott na Niyok, sun fara ɗinka ta a 1928. Ku lura da zif ɗin, a karkace yake, don iska kar ta shiga ƙirjin mutum in ya sunkuya a kan babur. Fatar mai kauri ce. Duk wanda ya taɓa faɗuwa a babur ya san dalili. Ni na taɓa zamewa a kan yashi a wata kwana da riga mai gajeren hannu, gudun ma ba wani mai yawa ba ne, amma kwalta ta kwashe min fata daga gwiwar hannu har kusan wuyan hannu, sati uku ina kwana a gefe ɗaya, har yau tabon na nan. Da fata ce a jikina ita za ta ci kwaltar. To takalmin nan mai tsawo, da safar hannu, da abin da ake ɗaurawa a kan wando, duk amfaninsu kenan tun farko.

To ya aka yi kayan kare jiki suka koma alama? Sai mun koma ƙarshen yaƙin duniya na biyu, 1945. Amurka ta kwashi samari miliyoyi daga ƙauyuka da ƙananan garuruwa ta zuba su a bariki da jiragen ruwa. A cikinsu akwai maza masu sha'awar maza, waɗanda a garinsu kowa yake zaton shi kaɗai ne haka a duniya, sai ga shi sun haɗu da irinsu. Waɗanda aka gano, dubbai, an sallame su da wata takarda mai launin shuɗi, kuma takardar nan tambari ce, duk inda ka je neman aiki an san dalilin korarka, haƙƙoƙin tsofaffin sojoji ma an hana su. Mutum ya koma gida ya ce wa mahaifinsa me? Da yawa sai suka maƙale a biranen bakin teku inda jirgi ya sauke su, San Faransisko, Los Anjalas, Niyok.

A daidai lokacin kuma gwamnati na sayar da rarar kayan yaƙi da araha, ciki har da baburan Harley-Davidson na soja. Tsofaffin sojoji da suka saba da zaman tare da tsari da bin umarni suka rasa abin yi da kansu, sai ƙungiyoyin mahaya babur suka yi ta ɓullowa. Yawancinsu babu ruwansu da neman maza. A 1953 fim ɗin The Wild One ya fito, Marlon Brando a kan babur da baƙar jaket da hula a karkace, ga hoton nan, daga nan duk saurayin da ke son a ga shi namijin duniya ne wannan shigar yake nema.

Nan nake so ku saurara da kyau. A wancan zamanin, a kowace jiha ta Amurka tarayyar namiji da namiji laifi ne a doka, jihar Ilinoi ce ta fara soke dokar kuma sai a farkon shekarun 1960. 'Yan sanda kan faɗa mashaya su kwashi mutane, washegari jarida ta buga sunayensu, aiki ya tafi, gidan haya ya tafi, iyali su juya baya. To amma maza ashirin a kan babura sun fita bayan gari za su kwana a daji, wa zai tsaya tambaya? 'Yan ƙungiyar babur ne kawai. Haka ƙungiyar Satyrs ta kafu a Los Anjalas a 1954, da shugaba da ma'aji da kuɗin wata da tambari a bayan riga kamar kowace ƙungiya, sai dai membobinta maza ne masu neman maza. Wato jaket ɗin ta yi musu aiki biyu a lokaci guda, ta ɓoye su daga idon hukuma, ta kuma nuna su ga junansu.

Akwai dalili na uku, kuma a ganina shi ya fi zurfi. A tunanin mutanen lokacin, namiji mai neman maza dole ya zama mai rangwaɗa da muryar mata. Waɗannan kuwa sun yi yaƙi, wasu makanikai ne, wasu 'yan dako a tashar jirgin ruwa, ba su ga kansu a wancan hoton ba ko kaɗan. Shigar fata ita ce hanyarsu ta cewa mu ma ga yadda muke. Wani mai zane ɗan ƙasar Finlan, Touko Laaksonen, da aka fi sani da Tom of Finland, zanensa ya fara fitowa a wata mujallar Amurka a 1957, shi ya ƙara kafa wannan siffar a idon mutane, faffaɗan ƙirji, hula, dogon takalmi. Shekaru bayan rasuwarsa, a 2014, ƙasarsa ta buga zanensa a kan tambarin aika wasiƙa.

Maganar Hitila da wasu suka kawo, ba zan share ta ba. Hular ta yi kama da ta hafsoshin soja, kuma a cikin su kansu masu wannan shigar an daɗe ana jayayya a kan kayan da suka yi kama da na sojan Jamus. Amma a tuna gwamnatin Hitila ta tura dubban maza masu neman maza sansanonin azaba da alamar ruwan hoda mai kusurwa uku a rigarsu. Ba mutanensa ba ne.

Daga babur sai mashaya. A Cikago wani mai ɗaukar hoto, Chuck Renslow, ya riƙe mashayar Gold Coast, a San Faransisko aka buɗe Tool Box a farkon shekarun 1960. Wannan hoton da ke gabanku daga mujallar Life ne, watan Yuni 1964, shafi biyu cur, cikin Tool Box ne, maza a tsaye cikin duhu, a bayansu zanen bango na wasu mazan da baƙin fenti. Mujallar da a lokacin take shiga gidaje miliyoyi. Yaro a wani ƙauye ya buɗe ya gani, ya san akwai inda zai je. A irin waɗannan mashayun ne masu babur da masu sha'awar wasan iko da ɗaurewa suka cakuɗe, har wanda bai taɓa hawa babur ba ya sayi jaket. Amma har gobe akwai mai sa fata da babu ruwansa da BDSM, akwai mai BDSM da bai mallaki ko bel na fata ba.

Sauran tarihin bari mu bi shi a guje, hotunan za su taimaka. 1971, ƙungiyar masu BDSM ta Eulenspiegel a Niyok, ta maza da mata. 1974, wata irinta, Society of Janus, a San Faransisko. 1978, Samois, ta mata masu neman mata, wadda ta jawo zazzafar rigima da wasu 'yan gwagwarmayar haƙƙin mata da ke ganin abin cin zarafi ne ko da an yarda. 1979, gasar International Mr. Leather a Cikago. 1989, wani daga cikinsu mai suna Tony DeBlase ya fito da tutar nan mai ratsin baƙi da shuɗi, farin layi a tsakiya, jar zuciya a kusurwa, ita ce wasu suka ce tutar asiri ce a bidiyon.

Ba ni da hotuna da yawa a wannan gaɓar, don haka ku yi haƙuri da fuskata. Abin da su ke cewa ya raba harkarsu da duka ko fyaɗe shi ne yarda. A farkon shekarun 1980 wata ƙungiyarsu a Niyok ta fito da taken da ya bazu ko'ina, ma'anarsa a kiyaye lafiya, a kasance cikin hayyaci, kowa ya amince. Ana zama a yi magana kafin komai, a ajiye wata kalma da in an furta ta dole a tsaya nan take. Wanda ya ci gaba bayan an ce ya tsaya, mai laifi ne, a wurinsu ma. Ina faɗin wannan da ƙarfi saboda kar wani azzalumin miji ya ji rabin bayani ya ce ai wasa yake yi da matarsa. In tana tsoronka, babu yarda a wurin.

Doka ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A Ingila a 1987 'yan sandan Manchesta suka samu wani kaset ɗin bidiyo, aka buɗe binciken da ake kira Spanner, aka gurfanar da maza 16, a 1990 aka ɗaure wasunsu duk da sun ce da yardarsu aka yi komai. Kotun ƙoli ta lokacin a 1993, alƙalai uku suka rinjayi biyu, ta ce yarda ba ta wanke raunata mutum, kotun haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta bar hukuncin yadda yake a 1997. Ta ɓangaren likitoci kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire irin wannan wasan na yarda daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa a sabon kundinta da ya fara aiki a 2022.

Shi kuma taron Folsom da ya jawo duk wannan magana, ya fara ne a matsayin yunƙurin mutanen unguwa na hana masu kuɗi rushe musu gidaje da shaguna, a daidai lokacin da cutar ƙanjamau ke kwasar mutanensu, sai ya zama wurin tara kuɗin jinya. Mutane sun mutu da yawa a shekarun nan. Dangi kan zo kwashe kayan mamaci su ga jaket da hotuna da wasiƙu, kunya ta kama su, su zuba a shara. Dom Orejudos, mai zanen da ya ƙawata bangon Gold Coast kuma abokin zaman Renslow, ya rasu a 1991, a shekarar ne Renslow da DeBlase suka kafa gidan adana tarihin nan na Cikago, Leather Archives and Museum. Ga cikinsa nan. Waɗannan riguna marasa hannu da ke rataye, ku matso da ido kan bayansu, kowane ɗan ƙyalle da aka ɗinka tambarin wata ƙungiyar babur ne, ƙananan ƙarafunan da ke gaba kuma na tafiye-tafiyen da mai rigar ya halarta ne, wasu da shekarar a rubuce.